Karatun Da Zai Raka Yaro Wajen Aiki

  

Yau maganar makaranta za mu yi. Ba maganar kuɗin makaranta ba, ba kuma ta yajin aiki ba. Maganar abin da ake koya wa yaro a aji ce, da abin da yake tararwa idan ya fito.

Akwai wata tambaya da yara ke yi, wadda malamai ba su cika son ji ba. "Malam, wannan a ina za mu yi amfani da shi?" Amsar da aka saba bayarwa ita ce, "Zai fito a jarrabawa." Sai yaro ya yi shiru. Ya kwafa, ya haddace, ya ci jarrabawa, ya manta.

A ganina tambayar nan ba rashin kunya ba ce. Haƙƙin yaro ne ya yi ta. Kuma ga matsayina tun daga farko, don kada mu ɓata a hanya. Karatu ba ya zama mai amfani don an sauya masa suna a takarda. Ba ya zama mai amfani don an sayo injuna. Yana zama mai amfani ne ranar da aji da wurin aiki suka san juna. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bari mu fara da waje, mu ga yadda aiki ya sauya.

Wanda ya kai shekara arba'in a cikinku ya san mai buga tafireta a bakin kotu. Ya san mai rubuta wa mutane wasiƙa a ƙofar gidan waya. Ya san mai hoto da ke wanke fim, sai bayan kwanaki ka dawo ka karɓa. Ina suke yanzu? Aikin ya tafi, ya bar masu shi.

Mutanen Kaduna kuwa sun san abin da ya fi wannan ciwo. Masaƙar farko a Kakuri ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna. Wasu suka biyo baya. Dubban magidanta suka rayu da su, suka aurar, suka gina gidaje. Shekarun 2000 ba su yi nisa ba aka fara rufe su ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya yi shekara ashirin a gaban inji ɗaya ya wayi gari babu injin. Haka aka gani a Kano, a Bompai da Sharaɗa da Challawa.

To amma a daidai wannan lokacin wata ƙofa ta buɗe. A 2001 wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya. Je ka kasuwar waya ta Farm Centre a Kano yau, ka ga samari nawa ke ci daga gyaran waya. Dubi masu POS a kowane lungu, waɗanda ƙarancin takardun kuɗi na 2023 ya mayar da su bankin unguwa. Dubi masu haɗa sola, da rashin wuta da tsadar mai suka sa ba sa zama. Dubi matan aure da ke sayar da atamfa da turaren wuta daga cikin ɗaki, ta WhatsApp, mai babur ya kai wa mai saye har gida.

Yanzu ku tambayi waɗannan mutane a ina suka koya. Kaɗan ne za su ce a makaranta. Mafi yawa a wajen maigida suka koya, ko wajen aboki, ko a YouTube. Sun yi makarantar, wasu har digiri. Amma abin da ke ciyar da su daga wani wuri ya fito.

Me ya kawo haka? Sai mun koma baya kaɗan.

Lokacin da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, akwai sashen sana'ar hannu a ciki. Amma ba wannan sashen ne ya yi suna ba. Abin da Turawa suka fi buƙata shi ne akawu da malamin makaranta da ma'aikacin En'e. Kwalejin Katsina ta fitar da irin su Tafawa Ɓalewa da Sardauna, jama'a suka gani da idonsu cewa boko hanyar ofis ce. A wancan zamani gaskiya ne. Masu takarda kaɗan ne, kujeru na jiransu. Yau masu takarda sun yi yawa, kujerun ba su ƙaru haka ba. Tunanin ne bai gusa ba. Har yanzu uba na kai ɗansa makaranta da hoton tebur da fanka a zuciyarsa.

Kada a ce ba a taɓa lura ba. An lura, tun da daɗewa. A 1969 aka yi babban taro a Legas kan manhajar karatu, ƙorafin kuwa shi ne karatun da Turawa suka bari bai dace da bukatun ƙasa ba. Daga nan aka samu manufar ilimi ta ƙasa a 1977. A 1982 aka fara tsarin nan da muka sani, shida, uku, uku, huɗu. Niyyar kyakkyawa ce ƙwarai. Yaro ya yi shekara uku a ƙaramar sakandare, ya taɓa katako, ya taɓa ƙarfe, ya taɓa wayar lantarki. Wanda zai ci gaba da karatu ya ci gaba. Wanda zai tsaya ya fita da sana'a a hannu.

Gwamnati ta kashe kuɗi. Aka yi odar injuna daga ƙasashen gabashin Turai, aka rarraba wa makarantu. To, jama'a, a nan gizo ke saƙar. Injunan sun iso, amma makarantu da yawa babu wuta. Inda akwai wuta, babu ɗakin da za a kafa su. Inda akwai ɗaki, babu malamin da ya san yadda ake kunna su. Sai akwatuna suka zauna a sito, wasu ma a baranda. Rana ta dake su, ruwa ya dake su, tsatsa ta ci rabonta, ɓarayi suka kwashe saura. Darasin kuwa bai tsaya ba. Aka ci gaba da koyar da shi da alli. Malam ya zana zarto a allo, yara su kwafa. Yaro ya ci jarrabawar aikin katako bai taɓa yanka katako ba.

Na daɗe a wannan labari ne don mun maimaita shi. Da kwamfuta ta zo, haka aka yi. Aka sa ta a manhaja, aka sa ta a jarrabawa. A makarantu da yawa, musamman na karkara, zana ta ake yi a allo. Sai ga hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015. Yaro ya taso daga ƙauye, ya zauna gaban kwamfuta karo na farko a ranar da makomarsa ke kan gwaji. Ya san amsar, hannunsa ne ke rawa. Wannan ba faɗuwar yaro ba ce, faɗuwarmu ce.

A 2025 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sabuwar manhaja. An rage yawan darussa. An sa sana'o'i irin su haɗa sola, gyaran waya da kwamfuta, ɗinki, kiwo da noman lambu. Duk wanda ya ji zai ce madalla, ni ma na ce madalla. Amma wanda ya san labarin akwatunan 1982 dole ya ƙara da tambaya. Wa zai koyar? A ina? Da wane kaya? Idan babu amsa, za mu wayi gari ana zana farantin sola a allo.

Kun ji dalilin da ya sa na ce takarda ba ta isa ba, inji ma bai isa ba. Sai aji da wurin aiki sun san juna.

To, yanzu mu juya ga inda aka dace, don kada a ce kushe kawai muka iya.

A 1977 gwamnatin tsohuwar jihar Kano ta duba, ta ga ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi 'yan jiha. Sai ta ware makarantun kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. Aka tace ɗalibai da jarrabawa. Aka nemo malamai. Aka gina ɗakunan gwaji, aka zuba kaya, aka yi amfani da su. Aka ba makarantun hukuma tasu da ke sa ido. Yau shiga manyan asibitocin Kano da Jigawa ka tambayi likitoci inda suka yi sakandare, za ka sha jin sunayen nan biyu. Sirrin ba ɓoyayye ba ne. An fara da tambayar wane aiki ne ke jiran mutane, sannan aka gina makaranta a kan amsar, aka sa mutanen da za su riƙe ta.

Misali na biyu ya fi kusa da zuciyata. Panteka ta Kaduna.

Wanda bai san ta ba, kasuwa ce ta maƙera da masu walda da kafintoci da masu narka ƙarfe. A can ake ƙera injin niƙa, injin casar hatsi, tukwane, ƙofofi, kusan duk abin da ka kawo hotonsa. Ba ta da nisa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Shekara da shekaru ɗaliban injiniya kan zana aikinsu na kammala karatu a takarda, su kai Panteka a ƙera musu. Ku dubi abin mamaki. Mai zane bai iya ƙira ba. Mai ƙira bai iya karanta lissafin da ke cikin zanen ba. Ɗaya ya fita da kwali, ɗaya ya zauna babu ko takardar da za ta shaida abin da ya iya.

Farfesa Idris Bugaje, lokacin da yake shugabancin kwalejin, da kuma bayan ya koma hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha, ya yi ta jan hankali a kan wannan giɓi. Aka fara gwada masu sana'a a kan abin da suka iya da hannu, ana ba su shaidar ƙwarewa. Wannan ita ce hanyar. Kuma kowane gari yana da Pantekarsa, ko ƙarama ce. Akwai gareji, akwai layin teloli, akwai masu walda, akwai fadama. Makarantar da ba ta da ɗakin sana'a, ai garin da take ciki yana da shi. Kwana ɗaya a mako, yara su je su gani, su taɓa. Ko maigidan ya shigo aji, a ba shi kujera, a kira shi malam, a biya shi ladansa.

Na san abin da wasunku ke cewa yanzu. Gareji ba wurin tarbiyya ba ne. Akwai ashar, akwai duka, akwai maigidan da zai mayar da yaro ɗan aike, shekara biyu yana sayo abinci bai riƙe sifana ba. Gaskiya ne. Shi ya sa ban ce a sallama yara ga kasuwa ba. Cewa na yi makaranta ta bi su. A zaɓi maigida mai mutunci. A rubuta abin da yaro zai koya a zango. Malami ya riƙa leƙawa. Iyaye su san inda ɗansu yake.

A nan kuma zan yi wata kwana, don kada a yi mini mummunar fahimta.

Ba ina cewa a bar karatu a kama sana'a ba. Ko kusa. Ku tuna mai tafireta. Ku tuna ma'aikacin masaƙa. Sana'a suka iya, sana'ar ta mutu. Wayar da ake gyarawa yau ba irin ta shekara goma baya ba ce. Motar yanzu kwamfuta gare ta a ciki. Bakanike sai ya jona mata na'ura, na'urar ta rubuta inda matsalar take. Wanda ya iya karatu ya karanta, ya gyara, ya karɓi kuɗinsa. Wanda bai iya ba sai lalube, ya kwance nan, ya sauya can, mai mota ya gaji ya tafi. Hannu ɗaya ne, karatu ne ya raba su.

Ɗauki mai haɗa sola. Maigida ya ce yana da ƙwan lantarki biyar, kowanne wat 10, za su yi awa shida a kunne, ga fanka, ga firji. Dole a ninka, a tara, a san girman batir da yawan faranti. Lissafin ƙaramar sakandare ne, ba wani abu ba. Wanda bai iya shi ba zai sa wa mutum batirin da zai mutu kafin tsakar dare, ko waya siririya da za ta yi zafi ta ta da gobara. To me zai hana malamin lissafi ya koyar da ninkawa da wannan misali? Allo ɗaya ne, alli ɗaya ne, ko sisi ba a ƙara ba. Amma ranar ba wanda zai yi gyangyaɗi.

Haka yarinyar da uwarta ke sayar da kaya ta waya. A koya mata fitar da uwar kuɗi daga riba, da kuɗin mai babur, da bashin da ke waje. Ta koma gida ta buɗe wa uwar littafi. Wannan uwa ba za ta ƙara cewa boko ɓata lokaci ne ba.

Wato abin da ke raka mutum daga sana'a zuwa sana'a shi ne karatu da fahimta, da lissafi, da iya tambaya. Kuma a nan ne muka fi rauni. Yara da yawa na gama firamare ba sa iya karanta sakin layi ɗaya, ko da Hausa. Duk malamin ƙaramar sakandare ya san wannan. Yaron da bai iya karatu ba, ko ka ba shi kwamfuta goma, hotuna zai kalla. Saboda haka duk gyaran da bai fara daga aji ɗaya na firamare ba, gini ne a kan rairayi.

Yanzu ga sabon baƙo, ƙirƙirarriyar basira. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, ɗalibi na iya rubuta tambayar aikin gida a waya, amsa ta fito kafin shayi ya huce. Malaman jami'a na kuka da wannan, kuma suna da gaskiya. Amma mu tambayi kanmu. Idan na'ura na iya amsa tambayar cikin daƙiƙa, anya tambayar ce ya kamata mu yi ta yi wa yaro shekara goma sha biyu? Na'urar nan tana kuskure. Tana ƙago abin da babu, ta faɗe shi ba ko ɗar. Wanda zai amfana da ita shi ne wanda zai iya cewa, tsaya, a ina kika samo wannan?

Kuma wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun bi wanda ya faɗa, daga wa ya ji, shi kuma amintacce ne ko a'a. Ɗalibin zaure ya san wannan tarbiyya. Ita ce muke bukata a wayoyinmu yau, inda ake haɗa muryar mutum da maganar da bai yi ba, inda ake kiran dattijo a ce daga banki ne, ya karanto lambar da aka turo masa. Yaron da makaranta ta koya wa tantance labari ya tsare kansa, ya tsare asusun mahaifinsa.

Wani ɗan abu kuma da ke ci mini tuwo a ƙwarya, bari in faɗe shi a gurguje. A makarantunmu, idan yaro ya yi laifi, me ake sa shi? Noma. Yankan ciyawa. Haƙa rami. Shekara da shekaru muna nuna masa cewa aikin hannu horo ne, fartanya kayan masu laifi ce. Sannan mu dawo muna mamakin me ya sa ɗan manomi ke gudun gona. Alhali a Kura da Kadawa mutane na samun rufin asiri da shinkafa da tumatir, a Samaru kuma masana na fitar da irin shuka da yaran ƙauyen da ke kusa ba su taɓa jin labarinsa a aji ba. Gwamnati ma ba ta tsira ba. Ta daɗe tana fifita mai digiri a kan mai babbar difloma wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma, sannan ta hau mumbari tana kiran matasa su rungumi fasaha.

Duk wannan magana a wuyan mutum ɗaya za ta sauka, malamin aji. Ba za a ce ya koyar da abin da ba a koya masa ba. Ba za a ce ya kawo sabon salo ba alhali albashinsa ba ya kai tsakiyar wata, yara ɗari na zaune a ƙasa a gabansa. Idan akwai kuɗin sayen kwamfuta ɗari, ni dai da za a ji tawa, a sayi hamsin. Sauran a horar da malamai, a sa sola, a ajiye na gyara. Sayen kaya yana da daɗi, akwai kwangila, akwai yanke ƙyalle, akwai hoto. Horar da malami ba ya fitowa a talabijin. Amma shi ne ke sa a buɗe akwatin.

Na ce aji da wurin aiki su san juna. Wannan ba sai an jira Abuja ba. Shugaban makaranta ɗaya da kwamitin iyaye da mai unguwa sun isa su fara.

Saboda haka, iyaye maza da iyaye mata, ga roƙona. Taron iyaye da malamai na gaba, a daure a je. Kada a tsaya a maganar kuɗin jarrabawa da ɗinkin yunifom. A tambayi shugaban makaranta, cikin ladabi, wace sana'a makarantar nan ta zaɓa, wa ke koyar da ita, kuma yaushe yara za su taɓa kayan da hannunsu. Idan ya ce babu kayan aiki, kada a tashi da faɗa. A duba cikin taron. Za a samu tela, za a samu bakanike, za a samu mai sola, za a samu hajiyar da ke kiwon kaji. Ku iyayen gidan sana'a, idan aka ƙwanƙwasa muku ƙofa, ku buɗe. 'Ya'yanku ne.

Ku kuma 'yan makaranta da ke jina, hutun nan mai zuwa kada ya ƙare a kan waya. Nemi wani mai sana'a a unguwarku, da izinin iyaye, ka zauna kusa da shi. Ki zauna kusa da ita. A tafi da littafi da biro.